Tasha Ba Zango: Sharhi a Kan Zaɓen Mazaunin Tashoshin Kaya a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu yi sharhi a kan yadda hukumomi suke zaɓar wurin da za a kafa tashar kaya a birnin Kano da kewayensa, musamman ma tashar jiragen ruwa ta kan tudu, watau tashar tsandauri ta Dala, wadda aka gina a Zawaciki cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, aka kuma buɗe ta a watan Janairu na 2023. Abin da muke nufi da tashar kaya shi ne duk wurin da ake sauke kaya masu yawa daga wani abin hawa, a adana su, sa'an nan a rarraba su ko kuwa a sake ɗora su a kan wani, ko dai daga jirgin ƙasa zuwa babbar mota, ko daga babbar mota zuwa ƙarama. Ba za mu taɓa batun kuɗin gini ko na haraji ba, domin wannan fage ne na masana tattalin arziki. Abin da ya dame mu shi ne ƙasa: wane ne ke da ikon ba da ita, nawa aka ware, kuma me aka yarda a gina a gefenta.

Ra'ayin da za mu kare shi ne, tun daga zuwan reluwe har zuwa yau masu tsara Kano sukan ware wa kaya wurin sauka, amma su manta da wurin da abin da ya ɗauko kayan zai tsaya ya jira, ya juya, ya kwana. Wannan mantuwa ita ce ta mayar da titunan tsakiyar gari tashoshi, kuma muna ganin alamar za ta bi sabuwar tasha har Zawaciki.

2.0 Daga Zango Zuwa Reluwe

Matsalar sauke kaya ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda tarihi ya danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi, ayarin fatake yake shigowa daga arewa da yamma. Abin lura shi ne, mutanen da sun fahimci cewa kasuwa daban, zango daban. Fage, wadda take a bayan ganuwa, wurin saukar ayarin raƙuma ce, inda akwai sarari na ɗaure dabbobi da ruwa da wurin kiwo. Fatoma shi ke ba baƙo masauki da wurin ajiya, ya haɗa shi da dillali, daga nan 'yan dako da jakuna su riƙa shigar da kayan cikin lungunan birni kaɗan kaɗan. Babu wanda ya zana wannan a kan taswira, amma tsari ne na kasafta ƙasa, kuma a cikinsa an ba raƙumi nasa rabo kamar yadda aka ba kayan da ya ɗauko.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka zo da nasu tsari. Hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, aka fara ɗaukar kaya a 1912. An kafa tashar a gabas da ganuwa, aka yanka wa kamfanonin Turawa fulotai a kusa da layin dogo domin su gina kantuna da sito-sito, aka ba Kwarori nasu yanki a kusa da Fage, inda Kantin Kwari ya samo sunansa. Dokar garuruwa ta 1917 ta zo ta ƙarfafa wannan rabo, har da sharaɗin a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. To, a nan ya kamata mu lura da cewa manufar wannan kasafi ita ce kare lafiyar Bature da sauƙaƙa fitar da gyaɗa da fata. Yadda kaya za su zagaya cikin gari bayan sun sauka bai shiga lissafi ba, don kuwa a lokacin jaki da amalanke sun wadatar.

Dalar gyaɗa, wadda muke alfahari da hotonta har yau, ita ce shaida ta farko ta wannan giɓi. Masu sayen gyaɗa irin su Alhaji Alhassan Ɗantata sun riƙa jibge dubban buhuna a sarari ne saboda taragun reluwe ba sa iya kwashe amfanin shekara a kan lokaci. Watau dala layin jira ce, sai dai na buhu. Abin ya yiwu domin akwai filaye a wurare kamar Ƙofar Mazugal. Da noman gyaɗa ya faɗi a shekarun 1970, bayan farin 1973 da cutar da ta biyo baya a 1975, babu wata doka da ta riƙe waɗannan filaye domin sufurin kaya, sai gine-gine suka cinye su. A daidai wannan lokaci ne kuwa kuɗin man fetur ya kawo manyan motoci, reluwe ta fara ja da baya, kaya suka koma kan titi. Filin jira ya ɓace a lokacin da aka fi bukatarsa ke nan.

Ba mu mance da shirin raya Kano na shekara ashirin ba, wanda B. A. W. Trevallion ya jagoranta, mai wa'adi daga 1963 zuwa 1983. Aiki ne na ƙwarai a zamaninsa, kuma irin tunaninsa na ware wa masana'antu shiyya shi ne muke gani a Bompai, da Sharaɗa da Challawa waɗanda suka biyo baya. Amma irin wannan taswira launi uku ta fi sani, na gidaje da na kasuwanci da na masana'antu. Cinikin sari, wanda shi ne ƙashin bayan Kano, ba ya zama daidai a ko ɗaya daga cikinsu. A takarda kanti ne, a aikace kuwa sito ne mai bukatar gingimari ta tsaya a ƙofarsa. Bugu da ƙari, garin da ƙidayar 1963 ta ce mutanensa ba su kai 300,000 ba, ƙidayar 2006 ta sami fiye da miliyan 2.8 a cikin ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin. Wa'adin shirin ya ƙare a 1983, gari kuwa bai tsaya ba.

3.0 Tashoshin da Taswira Ba Ta Sani Ba

Idan aka tambaye mu ina ne tashoshin kaya na Kano na haƙiƙa, za mu ce Kasuwar Singa da Kantin Kwari da Sabon Gari a tsakiyar gari, da Dawanau a kan hanyar Katsina, da 'Yan Lemo da 'Yan Katako a Na'ibawa, da 'Yankaba a hanyar Haɗeja. A waɗannan wurare ne ake sauke shinkafa da sukari da atamfa da hatsi da katako, a kuma sake loda su zuwa Maraɗi da Damagaram da Maiduguri da Chadi da arewacin Kamaru. Duk wanda ya bi Titin Bello ko Titin Ado Bayero ya ga yadda tirela take tsayawa a bakin hanya, 'yan dako na sauke ta buhu buhu, masu kura da 'yan a-daidaita-sahu na neman ratsewa, ya san cewa titin ne ya zama farfajiyar tasha. A taswira kuwa an rubuta wurin a matsayin kasuwa, saboda haka babu wanda doka ta ɗora wa nauyin tanadin wurin tsayawar mota ko hanyar motar kashe gobara. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016, da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022, sun nuna abin da cunkoson gini yake jawowa ga dukiyar da aka tara a wuri guda.

Wasu masu tsara birane sukan ɗora laifin a kan taurin kan 'yan kasuwa, su ce an ba su fili a bayan gari sun ƙi tashi. Mu dai ba mu gamsu da wannan ba. Baƙon da ya zo sari daga Damagaram yakan canza kuɗinsa a Wapa, ya sayi yadi a Kwari, ya sayi kayan masarufi a Singa, ya sami dillalin da ya san shi da mai kantin da zai ba shi bashi a kan amana, duk a ƙafa, cikin wuni ɗaya. Wannan kusanci shi ne jarin ɗan kasuwa, kuma duk wanda ya tashi shi kaɗai ya bar wa maƙwabcinsa masu saye. Shi ya sa tashin kasuwa ba ya yiwuwa sai an tashi gaba ɗaya. Faransawa sun yi haka da suka ɗauke babbar kasuwar abinci ta Paris daga tsakiyar gari zuwa Rungis a 1969, haka nan Ingilishi suka mayar da kasuwar kayan lambu ta Covent Garden zuwa Nine Elms a 1974. A nan gida, mayar da masu sarin magunguna zuwa Dangwauro a kan hanyar Zariya sai da ya kai ga kotu da rufe shaguna a 2024.

Dawanau ita ce misalin da ya fi ba mu darasi. An kafa ta a tsakiyar shekarun 1980 a wurin da yake bayan gari sosai, ta bunƙasa har ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Nasararta ita ta jawo mata gidaje da shaguna da gidajen mai, har hanyar Katsina ta zama unguwa ɗaya miƙaƙƙiya. Haka nan ma'ajiyar mai ta Hotoro, wadda aka gina a gefen gari, unguwanni suka zo suka kewaye ta, tankoki suka koma jira a bakin titi. Fitar da tasha bayan gari bai isa ba ke nan, muddin ba a tsare ƙasar da take kewaye da ita ba, domin tasha kamar zuma ce, inda aka ajiye ta nan ƙudaje suke taruwa.

4.0 Zawaciki

A 2006 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa tashoshin tsandauri a wurare shida, watau Ibadan da Isiala Ngwa da Jos da Kano da Funtuwa da Maiduguri, 'yan kasuwa su gina su gudanar a ƙarƙashin kulawar majalisar masu fiton kaya ta ƙasa. Hikimar abin a fili take. Maimakon ɗan kasuwar Kano ya bi kwantenarsa zuwa Ikko, ya biya kuɗin jinkiri, ya yi fama da kwastan a can, sai a kawo masa ita a rufe har gida, a buɗe ta a nan, haka kuma mai fitar da riɗi ko citta ko zoɓo ya gama takardunsa a Kano. Tashar Kaduna da take Kakuri ta riga ta Kano, an buɗe ta a Janairun 2018.

Adalci ne mu faɗi cewa zaɓen Zawaciki yana da hujja. Wurin yana kudu maso yammacin gari, kusa da masana'antun Challawa da Sharaɗa, ta ɓangaren da tsohon layin dogo yake shigowa daga Zariya, kuma motar da ta taso daga kudu tana iya isa ba tare da ta ratsa tsakiyar birni ba. Da mu aka ba taswirar Kano a 2006 aka ce mu zaɓa, da wuya mu yi nisa da nan.

Sai dai tsakanin amincewa da buɗewa shekara 17 ne. A cikin waɗannan shekaru Kumbotso ba ta zauna jiran tasha ba. Tana daga cikin sassan da birni ya fi malala a cikinsu, kuma akasarin wannan malala ta awon igiya ce, watau mai gona ko dillalin fili ya yanka gonar fuloti fuloti, ya bar lungu iya wucewar mota ɗaya, ya sayar, ba tare da hukumar tsara birane ta sa hannu ba. Katangar tasha tana kare abin da yake cikinta ne kawai. Hanyar da za a bi a isa ƙofarta, da filin da motoci za su yi layi, da wurin makanikai da masu faci da masu abinci da wurin kwanan direbobi da yaran mota, duk a waje suke, kuma a wajen ne awon igiya yake da iko.

Bari mu yi ɗan lissafi domin a ga girman abin. Tirelar da ta ɗauko kwantena mai ƙafa 40, idan aka haɗa da ratar da take bukata gaba da baya, tana cin wajen mita 20 na titi. Idan muka ƙaddara motoci 200 suna jiran shiga a rana guda, layinsu ya kai kilomita 4. Wannan layi dole ya tsaya a wani wuri. In ba a ware masa fili ba, zai ware wa kansa hanyar jama'a.

Ba sai mun yi hasashe ba, domin Apapa tana nan. An gina tashar Apapa a shekarun 1920 a kan tunanin reluwe ce za ta kwashe kaya, aka ƙara ta Tin Can a 1977 bayan cunkoson jiragen siminti na 1975. Da jirgin ƙasa ya raunana, aka kuma ba da izinin gina rumbunan ajiyar mai a unguwar, sai dubban tireloli da tankoki suka mayar da gadoji da manyan titunan Ikko wurin kwanansu na makonni. Sai a Fabrairun 2021 aka shigo da tsarin kiran motoci ta na'ura, wanda shi ma bai yiwu ba sai da aka nemo filayen da motocin za su jira kafin a kira su. Watau an dawo neman zango bayan shekara kusan ɗari, a lokacin da fili a Ikko ya fi ƙarfin saye.

Akwai kuma batun layin dogo, wanda shi ne ran duk wata tashar tsandauri. Tsohon layin da ya haɗa Ikko da Kano, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, siriri ne, faɗinsa milimita 1,067, sabon kuwa 1,435. A shekarar da aka buɗe tashar Dala, sabon layi ya tsaya a Ibadan daga kudu, daga Abuja kuma ya tsaya a Kaduna, layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, waɗanda aka aza harsashinsu a 2021, ba su kammala ba. Duk kwantenar da jirgi bai ɗauko ba mota ce za ta kawo ta, kuma kowace mota tana bukatar mita ashirin ɗinta. Sa'an nan ko da jirgin ya kawo, masu kayan suna Kwari da Singa da Bompai da Dawanau, saboda haka tafiyar ƙarshe a kan titi za a yi ta. Ƙimar tashar ta dogara ƙwarai a kan hanyar kewaye ta yamma, wadda take haɗa Na'ibawa da Dawanau, da kuma kan ko za a bar gefenta ya zama kasuwa kamar yadda ya faru ga ta gabas.

5.0 Wa Ke da Ƙasa?

A nan ne muke ganin tushen matsalar. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. Shi ke ayyana inda ya zama birni, shi ke ba da takardar mallaka a can, ƙaramar hukuma kuma ta kula da ƙasar karkara. A Arewa wannan ba sabon abu ba ne, domin dokar 1910 da ta 1962 sun riga sun share fage. A 1992 gwamnatin soja ta kafa dokar tsara birane ta ƙasa baki ɗaya, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke hukuncin cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jiha ne. Tashar jiragen ruwa da kwastan na Tarayya ne, manyan hanyoyin da suke shiga Kano na Tarayya ne, kasuwa da tashar mota kuwa tsarin mulki ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Mai gudanar da tashar kuma kamfani ne, wanda ikonsa ya ƙare a bakin ƙofarsa. Tirelar da take tsaye a gefen hanya ta shafi duk waɗannan, amma babu ɗaya daga cikinsu da za a kama a ce shi ya wajaba ya sama mata wuri. Abin da hukuma ta fi saurin yi shi ne kamun mota da cin tara, alhali direban da aka kora daga nan can gaba kaɗan zai je ya tsaya.

Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, saboda haka ba za a ce babu makami ba. Amma sashe na 29 ya taƙaita diyya ga abin da mutum ya gina ko ya shuka, ba a biyan kuɗin ƙasar kanta. Kewayen Kano kuwa ba daji ba ne. Binciken Michael Mortimore ya daɗe da nuna cewa yanki ne mai cunkoson jama'a, gonakinsa ƙanana, ana nome su kowace shekara ba hutu da taimakon taki, kuma galibinsu gado ne. Manomin da ya ji ƙishin-ƙishin gwamnati za ta zo, ya san idan ya jira kuɗin dawa da ɗorawa za a ba shi, idan kuwa ya kira mai igiya yau zai sami kuɗin fuloti. Wane mai hankali ne zai jira? Ashe dokar da aka yi domin ta sauƙaƙa wa hukuma samun fili ita ce take ingiza mutane su yanka shi tun hukuma ba ta iso ba.

Saboda haka muna ganin shata shiyya a kan takarda kawai ba zai hana kowa gini ba. Idan ana son a tsare gefen hanyar kewaye da mashigar Zawaciki domin sito-sito da wurin jiran motoci, dole mai gona ya ga ribarsa a cikin tsarewar. Ana iya haɗa gonakin wuri guda a tsara su, a fitar da hanyoyi da filin jira, a mayar wa kowane mai gona da kasonsa a matsayin fulotin sito mai takarda, wanda zai ba da haya ko ya sayar da daraja fiye da ta awon igiya. Japan da Jihar Gujarat ta Indiya sun daɗe suna amfani da irin wannan dabara wajen faɗaɗa garuruwansu. Haka nan ya kamata izinin gina kowane sito ko kasuwar sari ya zo da sharaɗin wurin lodi a cikin harabarsa, gwargwadon girman ginin, kuma ikon sa wannan sharaɗi yana hannun hukumar tsara birane ta jiha tun hukuncin 2003, ba ta bukatar jiran kowa daga Abuja.

Wani zai ce filin jira ba ya kawo kuɗin shiga kamar shaguna, kuma gwamnatin da take neman kuɗi da wuya ta bar eka hamsin babu gini. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta cinye filayen dalar gyaɗa. Amsar da muke da ita ita ce a rubuta filin jiran a cikin takardar mallakar tashar kanta, a buga shi a jaridar gwamnati tare da iyakokinsa, ta yadda canza masa amfani zai zama taɓa yarjejeniyar da Tarayya da kamfani suke ciki. Layin Maraɗi, mai tsawon wajen kilomita 284, an shirya shi ne domin ya jawo kayan Nijar ta Kano, kuma duk wurin da za a sa masa rumfar kaya, masu igiya za su ji labari kafin a kafa turken farko.